Tafkin Madarunfa a Bangon Aji

Duk yaron da ya tashi a Madarunfa ya san tafki. Ya san shi da damina, in ruwa ya cika ya malala har gindin itatuwa. Ya san shi da bazara, in ruwa ya janye ya bar taɓo yana tsagewa. Ya ga masunta suna jefa birgi da sassafe. Ya ga balbelu suna bin shanu a bakin ruwa. Amma a ce masa ya tashi gaban aji ya yi bayanin tafkin na minti biyar, sai ya sunkuyar da kai. Ba rashin sani ba ne. Abin yana cikinsa, sai dai bai san ta inda zai kama shi ba, bai san wanne zai fara faɗi ba, wanne zai bari sai daga baya.

Akwai wani aiki da yake koya wa yaro wannan dabara. Shi ne jera hotuna a cikin kwamfuta, wadda ake kuma kira ordinatar, a nuna su ɗaya bayan ɗaya a bango, yaro yana tsaye yana bayani. Da Faransanci ana kiran jerin nan diaporama, kowane shafi kuma diapositive. Ya kamata ƴan makarantar Madarunfa su koyi wannan aiki. Amma da sharaɗi: hotunan su zama na gida, waɗanda su da kansu suka ɗauka, bayanin kuma ya fara fitowa da Hausa.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Hausawa sun daɗe da kalmar majigi. Asalinta sunan wata fitila ce da Ingilishi, fitilar da take haska hoton da aka zana a kan gilashi, ta jefa shi a bango ya fito babba. An ƙera irinta a ƙasar Holan wajen 1659, kuma ana danganta ƙirar ga wani masani mai suna Christiaan Huygens. A zamanin mulkin Turawa, motoci sun yi ta yawo garuruwan Arewacin Nijeriya suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare, suna nuna hotuna a kan noma da kiwon lafiya. Sunan ya bi su, har duk hoton da aka haska a fili ya zama majigi. Daga baya aka sami na'ura mai faifai a kanta, wadda ake jera wa ƙananan hotuna 80, tana juyawa tana sako su ɗaya-ɗaya. Kamfanin Kodak ya daina ƙera irin wannan a 2004.

A Nijar ma an gwada koyarwa da hoto. A 1964 aka soma talabijin na makaranta, inda ake shirya darasi a Yamai, yara suna kallo a aji. An yi shekaru ana yi, har zuwa 1979. Waɗannan abubuwa duka sun yi amfani, amma sun yi tarayya a abu guda. Hoton daga nesa yake zuwa. Wani ne ya zaɓe shi, wani ne ya ɗauka, wani ne ya tsara maganar. Na ƙauye nasa ido ne kawai.

Yanzu abin ya juya. A 1987 wasu mutane biyu a Amurka, Robert Gaskins da Dennis Austin, suka fito da wata manhaja mai suna PowerPoint. A shekarar nan kamfanin Microsoft ya saye ta a kan dala miliyan 14. Ta farkon ba ta da launi, baƙi da fari ce kawai, kuma sai an buga shafukan a wata leda mai haske kafin a nuna. Ta yau tana karɓar hoto da rubutu da murya, ta aika su kai tsaye ga na'urar haskawa. Akwai kuma wata mai suna Impress, a cikin LibreOffice, wadda ba a biyan ko dala kafin a sa ta a kwamfuta. Dukansu biyu suna aiki ba tare da intanet ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da layi yake zuwa yana tafiya. Ga kuma wayar hannu mai ɗaukar hoto, wadda a yau ba a rasa ta a unguwa. Wato abin da a da sai gwamnati da motarta da injinta, yau aji ɗaya zai iya yi.

To, wane hoto za a nuna? Nan ne ake yawan kuskure. Wanda ya sami kwamfuta da intanet, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rubuta kalmar tafki, ya kwaso hotuna masu kyau: ruwa shuɗi, duwatsu masu ƙanƙara, jirage masu farin ƙyalle. Ya jera su, ya nuna. Yara za su ce kai, da kyau! Amma me suka koya? Sun koyi cewa tafkin kirki yana can wata ƙasa, nasu kuwa kududdufi ne.

Alhali ba haka ba ne. Tafkin Madarunfa ba abin rainawa ba ne. A 2006 Nijar ta sa shi, tare da kurmin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. A 2019 aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda take kula da muhimman fadamu da tafkuna na duniya, saboda tsuntsaye da kifaye da sauran rayukan da ke dogara da su. Baƙi suna tasowa daga Maraɗi da wasu garuruwa don su gan shi. Abin kunya ne a ce ɗan gari ya san hoton tafkin Turai, bai taɓa tsayawa ya dubi nasa da idon mai bincike ba.

Akwai wani labari na ƙasar Maraɗi da ya nuna ƙarfin hoton gida. Tun daga 1983, manoma suka soma barin tohon kututture a gonakinsu. Maimakon su sare duka in suna sassabe, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su gyara su, su bar su su girma. Wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar, wadda ake kira sassaben zamani. An yi shekaru ana yi, mutanen waje ba su lura ba. Sai da masu bincike suka ajiye hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 kusa da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000, sannan aka ga abin mamaki. Gonar da a da fili ce fetal, ga ta cike da gawo da sauran itatuwa. Aka auna, aka ga wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a kudancin Nijar. Da baki kawai aka faɗa, da an yi gardama. Hoto biyu gefe da gefe suka kashe bakin kowa. Gani ya kori ji.

Abin da waɗancan masana suka yi da jirgin sama, ƴan aji shida za su iya yin ƙaraminsa da waya ɗaya. Su zaɓi itace guda a bakin tafki, kuka ko tsamiya wadda kowa ya sani. Su tsaya a gindinta su ɗauki hoton ruwa a watan Oktoba, bayan an koma makaranta. Su koma wuri ɗaya a Janairu, su koma a Afrilu, su koma a Yuni. Hoto huɗu ke nan. In aka jera su, kowa zai ga yadda ruwa yake ja da baya, da inda masu lambu suke binsa da shuka. In ajin da ya biyo baya ya yi haka, wanda ya biyo shi ma ya yi, bayan shekara goma makarantar tana da abin da babu shi a littafin kowa. Ranar da aka zauna ana gardama ko yashi yana cike tafkin, ko ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu tun da aka gina madatsa a Jibiya ta jihar Katsina, akwai shaidar da za a duba.

Shi ya sa kowane hoto yake bukatar abu biyu a ƙarƙashinsa: wuri da kwanan wata. Hoton da ba shi da su kamar wasiƙa ce marar sa hannu. Balle a wannan zamani, da kwamfuta take iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Yaron da ya saba rubuta inda ya tsaya da ranar da ya ɗauka, shi ne gobe in an turo masa hoto a waya zai tambaya: ina ne nan, yaushe ne, wa ya ɗauka?

Wani zai ce: wannan duk magana ce. Makarantu nawa ne suke da kwamfuta? Wasu azuzuwan ma na zana ne. Wuta tana ɗaukewa. Yara ba su gama iya karatu ba, za a ɗora musu na'ura?

Gaskiya ne, kuma ba a ture wannan magana da hannu ɗaya. Makarantar da ba ta da alli, alli za ta fara nema. Amma mai wannan magana yana zaton a kan kwamfuta ake yin aikin. Ba a can ake yi ba. Kashi tara cikin goma na aikin a littafin rubutu ake yinsa, da kuma a ƙafa.

Ga yadda abin yake. Da farko aji zai zauna ya tsai da magana ɗaya da yake so ya faɗa. A ce misali: yadda kifi yake tasowa daga ruwa har ya kai kasuwa. Magana ɗaya, ba biyar ba. Sai a yanka takardu goma ko goma sha biyu, kowace kamar tafin hannu biyu. A kan kowace a zana abin da ake so a gani: masunci yana ɗinkin koma, jirgi yana barin gaɓa, tarwaɗa da karfasa a cikin kwando, mata suna ƙyafe kifi, mai saye yana ciniki. A shimfiɗa takardun a kan tabarma. Nan ne gardama za ta tashi. Wannan ya ce ɗinkin koma ne farko, waccan ta ce a'a, a fara da tafki tukuna don baƙo ya san inda yake. A matsa wannan gaba, a mai da wancan baya, a cire wanda bai ƙara kome ba. Wannan gardamar ita ce darasin. Yaron da ya iya jera takardu goma har suka zama labari, ya iya tsara wasiƙa, ya iya amsa tambayar jarrabawa, ya iya tsayawa gaban manya ya faɗi bukatarsa ba tare da ya dabarbarce ba. Kuma har zuwa nan ba a kunna kome ba.

Sannan a fita ɗaukar hoto, da malam a gaba. Akwai ƴan dabaru. A riƙe waya a kwance, don shafin kwamfuta ya fi faɗi bisa tsawo. Rana ta kasance bayan mai ɗauka, in ba haka ba fuskoki za su fito baƙi ƙirin. Hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana. A matso kusa: in hannun masunci ake so a nuna, hannun za a ɗauka, ba dukan gaɓar tafki ba. Kuma ba a shiga ruwa don neman hoto mai kyau. Tafki yana da zurfi inda ba a zato, kuma ruwan da ba ya gudu yakan ba da tsargiya.

Akwai abin da ya fi dabara muhimmanci, shi ne ladabi. Ba a ɗaga waya a fuskar mutum haka kawai. A yi sallama, a gaisa, a ce: "Baba, mu ƴan makaranta ne, muna so mu ɗauki hoton aikinka don mu nuna a aji. Ka yarda?" In ya ce a'a, a yi godiya a wuce. In mace ce, a ce: "Inna, ko hannunki da tukunyar kawai za mu ɗauka?" Sau da yawa wannan ya isa. A wurin kaburburan waliyyai kuwa, inda mutane suke zuwa ziyara da addu'a, sai an nemi izinin masu kula da wurin, kuma ba a ɗaukar mai addu'a. Wurin sojoji da jandarmomi ba a ko gwadawa. Tambayar izini tana da wata riba. Dattijon da aka girmama ba zai tsaya ga hoto ba, zai buɗe baki. Zai faɗi sunan kowane irin taru, da watan da kifi yake ƙwai, da yadda ruwa yake zuwa lokacin ƙuruciyarsa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Mai littafin rubutu ya kasance kusa.

Sai a ƙarshe a zo ga kwamfuta, kuma guda ɗaya ta isa, ko ta aro ce, ko ta kwana ɗaya ce. A zuba hotunan cikin jaka ɗaya, a ba kowanne lamba bisa jerin da aka yi a tabarma. A PowerPoint akwai wurin da aka rubuta Insertion, a cikinsa akwai Album photo. In an zaɓi hotunan duka, manhajar za ta ba kowanne shafinsa. Impress ma tana da irin wannan. In ana so a ƙara girman hoto, a ja shi ta kusurwa. Wanda ya ja ta gefe zai ga masunci ya yi faɗi kamar tulu, ko ya yi tsawo kamar giginya. In an gama, a taɓa F5, shafin farko ya cika fuska. Aikin bai kai wanke kwanonin biki wuya ba.

Sai dai manhajar tana da tarko. Ta cika kayan ado: rubutu mai tsalle, hoto mai juyawa kamar guguwa, ƙarar tafi, launi iri-iri. Yaro in ya gano su, sai ya so ya gwada duka. A bar shi ya yi wasa na rabin sa'a, ya ƙoshi, sannan a cire su. Wanda ya sa wa kowane shafi rawa, ƴan kallo rawar za su tuna, su manta kifin. Haka yawan rubutu. Shafi ba allo ba ne. Hoto ɗaya, layi ɗaya, da manyan baƙaƙe yadda na bencin baya zai karanta. Sauran magana tana bakin mai bayani. Babu abin da yake sa barci kamar mutum ya juya wa jama'a baya yana karanta abin da su ma suna gani.

Layin nan ɗaya, da wane harshe? Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, manufar ita ce yaro ya fara da harshen da ya tashi da shi, ya tsaya da ƙafarsa, sannan ya ɗauki Faransanci. Jerin hotuna ya dace da wannan tsari sosai. A rubuta Hausa a sama, Faransanci a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Yau yaro ya yi bayani da Hausa. Mako mai zuwa ya koma kan hotunan nan ya yi da Faransanci. Zai ga abin ya zo masa da sauƙi, don ya riga ya san abin da zai ce, kalmomi kawai yake nema. Wani lokaci ma zai tarar Hausa tana da sunaye uku ko huɗu na kayan su, ƙamus ɗin aji kuwa yana da ɗaya.

Sai a lura da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ba sa nan a kan madannin kwamfutar da aka yi don Faransanci, shi ya sa mutane da yawa suke yar da su. Kuskure ne. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya rubuta baki a wurin baƙi ya canja magana. Baƙaƙen suna cikin kwamfuta, a wurin da ake zaɓo alamomi na musamman. A zaɓo su sau ɗaya, a ajiye a shafin farko, a riƙa kwafa. In wani salon rubutu ya nuna ɗan akwati a maimakon harafin, a canja salo. Kuma a ajiye kwafi ɗaya a matsayin PDF, don in an buɗe a wata kwamfuta baƙaƙen su fito yadda aka rubuta su.

Ranar nunawa, kada a tsaya ga ƴan aji. A gayyato iyaye, a gayyato masuntan da aka ɗauka, da matan da suka yarda aka ɗauki tukunyarsu. In akwai na'urar haskawa da batirin hasken rana, a jira magariba ta wuce, a rataya farin zane a bangon makaranta. In babu, a ɗora kwamfutar a kan tebur, mutane su zo goma-goma. In ita ma babu, takardun nan na tabarma suna nan, a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

Masunci yana zaune a gaba. Da yarinya ta ce wannan taru ne, zai ɗaga hannu ya ce: "A'a, ƴata, wannan koma ce, taru ya fi ta tsawo." Sai ta ce: "Na gode, Baba." Washegari a buɗe shafi na huɗu a gyara kalmar, a rubuta sabon kwanan wata a jikin jakar, a ajiye wa ajin da ke tafe.